Ɗan Hakin da Ka Raina: Tarihin Jirgin Nutso na Jamus Mai Lamba U-9

Gabatarwa

Da safiyar Talata, 22 ga watan Satumba na shekarar 1914, wato mako bakwai da shigar Ingila Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani ɗan ƙaramin jirgin yaƙi na Jamus, wanda mutanen cikinsa ba su kai 30 ba, ya nutsar da manyan jiragen yaƙin Ingila guda uku a Tekun Arewa cikin kimanin awa ɗaya da rabi. Mutum 1,459 suka halaka a wannan safiya. Adadin nan ya ninka fiye da sau uku na sojojin Ingila da suka mutu a gwabzawar Trafalgar ta shekarar 1805, wadda ita ce ta ba Ingila sarautar teku ta shekara ɗari.

Jirgin da ya yi wannan ɓarna shi ne U-9. Harafin U ya samo asali ne daga kalmar Jamusanci mai nufin jirgin ƙarƙashin teku, wanda a wannan maƙala za a riƙa kiransa jirgin nutso. Za a dubi yadda aka ƙera shi da irin aikin da ya yi a lokacin yaƙi. Abin da ake son fitowa da shi fili shi ne, yadda aka ƙera jirgin shi ya tilasta masa irin yaƙin da ya yi. Jirgi ne rarrauna wanda ba ya iya tsayawa gaba da gaba, kuma ba shi da wurin ɗaukar ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ya jefa a ruwa. Daga wannan rauni ne wata tsohuwar al'adar matuƙan teku ta fara rushewa, wato al'adar tsayawa a ceci wanda ruwa zai ci.

Yadda Jamus ta shiga sahu a makare

Jamusawa sun daɗe da gwada tafiya a ƙarƙashin ruwa. Tun a shekarar 1850 wani soja mai suna Wilhelm Bauer ya ƙera wani jirgi da aka sa wa suna Brandtaucher a garin Kiel, wanda mutane ke tuƙawa da ƙarfin jikinsu. A ranar 1 ga Fabrairu, 1851, jirgin ya nutse a wajen gwaji, Bauer da abokan aikinsa biyu suka tsira da ƙyar. Bayan wannan sai al'amarin ya kwanta har kusan shekara 50.

Dalilin jinkirin yana wajen Admiral Alfred von Tirpitz, mutumin da ya riƙe ragamar gina rundunar ruwan Jamus tun daga shekarar 1897. Burinsa shi ne a tara manya-manyan jiragen yaƙi masu sulke da igwa, waɗanda za su sa Ingila ta yi shakkar taɓa Jamus. A ganinsa, kashe kuɗi a kan jirgin da ba ya iya yin nisa da gaɓa asara ce. Saboda haka Faransa da Amurka da Ingila duk suka riga Jamus mallakar jiragen nutso. Hasali ma, sai da kamfanin Krupp ya ƙera wa Rasha irin waɗannan jirage a Kiel sa'an nan hukumar sojan ruwan Jamus ta farga, ta ba da aikin nata na farko. Wannan shi ne U-1, wanda ya fara aiki ranar 14 ga Disamba, 1906, yana da nauyin tan 238 da bututun harbi guda ɗaya tak.

A cikin wannan wata na Disamba ne kuma Ingila ta sa babban jirginta Dreadnought a bakin aiki, mai nauyin kimanin tan 18,000 da manyan igwa goma. Idon duniya duk ya koma kansa, ƙasashe suka shiga tseren ƙera irinsa. Babu wanda ya kula da ɗan jirgin Kiel. Ya kamata mai karatu ya riƙe sunan Dreadnought, domin za a sake haɗuwa da shi a gaba.

Ƙirar U-9

An ƙera U-9 a ma'aikatar jiragen ruwa ta gwamnati da ke Danzig, garin da yanzu ake kira Gdansk a ƙasar Folan. An saka shi a ruwa ranar 22 ga Fabrairu, 1910, ya fara aiki ranar 18 ga Afrilu na shekarar. Tsawonsa ya ɗan haura mita 57, faɗinsa mita 6. Nauyinsa tan 493 idan yana bisa ruwa, tan 611 idan ya nutse. An tsara shi don hafsoshi huɗu da sojoji 25.

Gangar jikinsa riɓi biyu ce. Ta ciki doguwar ganga ce ta ƙarfe mai kauri, ita ke jure matsin ruwa, kuma a cikinta mutane da injuna suke. Ta waje ba ta da kauri, ita ke ba shi siffar jirgi. A tsakanin biyun akwai tankuna. Idan ana son nutsewa sai a buɗe su ruwa ya shiga, jirgin ya yi nauyi ya yi ƙasa. Idan kuma ana son tasowa sai a hura musu matsattsiyar iska ta kori ruwan. Zurfin da aka amince ya kai shi ne mita 50, wato bai ma kai tsawon jirgin kansa ba.

Injuna iri biyu gare shi. A bisa ruwa yana tafiya da injuna huɗu na kamfanin Körting masu shan kananzir, waɗanda kan kai shi gudun kilomita 26 a awa ɗaya. Jamusawa sun guji fetur saboda haɗarin gobara a cikin rufaffen wuri, injin dizal kuwa bai kai yadda za a dogara da shi ba tukuna, sai a kan U-19 aka fara sa shi. To amma injin kananzir yana da babban aibi, domin yana tuɗaɗa farin hayaƙi da ake hangowa daga nesa da rana, da dare kuma yana fesar da tartsatsi. Akwai doguwar bututun hayaƙi da sai an kwantar da ita kafin a nutse. A ƙarƙashin ruwa babu iskar da inji zai sha, don haka sai a koma kan injunan lantarki masu aiki da batir. Da su ba ya wuce kilomita 15 a awa, kuma ko ya tafi a hankali, bayan kimanin kilomita 150 batir ya ƙare, dole ya taso ya tayar da injin kananzir don ya cika shi.

Makaminsa shi ne tofido, wani dogon ƙarfe mai siffar kifi da ke tafiya da kansa a cikin ruwa, ɗauke da nakiya a kansa, ya daki jirgi a ƙasan inda sulkensa ya tsaya. U-9 yana da bututun harbi huɗu, biyu a gaba biyu a baya, da tofido shida kacal. A ranar 16 ga Yuli, 1914, mutanensa suka yi nasarar sake ɗura tofido a bututu alhali jirgin yana ƙarƙashin ruwa, abin da ba a taɓa yi ba kafin nan. Idan ya nutse, idonsa shi ne siririn bututu mai madubai da ake ɗagowa sama da ruwa don kwamanda ya leƙa.

Zaman cikinsa kuwa wahala ce tsantsa. Johannes Spiess, hafsan da ke bi wa kwamandan jirgin, ya bayyana yadda tururin numfashi kan taru a jikin ƙarfe ya riƙa ɗiga a fuskar mai barci, ga warin kananzir, ga ƙuncin wuri. Saboda rashin nauyin jirgin, da zarar an harba tofido sai gabansa ya nemi ɗagawa sama, har sai an umarci sojoji su ruga gaba ko baya don su daidaita shi da nauyin jikinsu.

Idan aka tattara waɗannan siffofi za a ga abu ɗaya. A bisa ruwa U-9 abin farauta ne, harsashin igwa ɗaya ya isa ya huda shi ya hana shi nutsewa. A ƙarƙashin ruwa kuma ba shi da sauri, ba shi da dogon numfashi. Ƙarfinsa duka yana cikin ɓuya: ya ga abokin gaba, abokin gaba bai gan shi ba.

Safiyar 22 ga Satumba

Farkon yaƙin bai nuna alamar jiragen nutso za su yi wani tasiri ba. A ranar 6 ga Agusta, 1914, guda goma suka fita daga tsibirin Heligoland don neman rundunar Ingila. Injin U-9 ya lalace ya juyo gida, U-13 ya ɓace, jirgin Ingila mai suna Birmingham kuma ya banke U-15 ya nutsar da shi. Ba su nutsar da ko jirgi ɗaya ba. Sai a ranar 5 ga Satumba U-21 ya nutsar da wani jirgin sintiri mai suna Pathfinder, amma duk da haka manyan hafsoshin Ingila da yawa ba su ɗauki darasi ba.

A ranar 20 ga Satumba U-9 ya sake fita, ƙarƙashin kwamandansa Otto Weddigen, ɗan shekara 32, da umarnin ya tare jiragen da ke kai sojojin Ingila gaɓar Beljiyam. Guguwa ta tare shi a hanya, ya kwana a ƙarƙashin ruwa daura da gaɓar Holan. Da gari ya waye ranar 22, teku ta lafa, ya taso don cika batir. Nan ne Spiess ya hango hayaƙi da dogon sandan jirgi a nesa, Weddigen ya ba da umarnin a nutse.

Jiragen da suka dumfaro su ne Aboukir da Hogue da Cressy, kowanne mai nauyin tan 12,000. Tsofaffin jirage ne da aka ƙera wajen shekarar 1900. Yawancin mutanen cikinsu sojojin ko-ta-kwana ne da aka kira daga gidajensu, magidanta masu iyali, da dama daga yankin Chatham, tare da ɗaliban makarantar sojan ruwa, wasunsu 'yan shekara 15. Wasu hafsoshi sun riga sun yi ƙorafi cewa ajiye su a wannan wuri tamkar ɗaure akuya ne a bakin ramin kura, har Winston Churchill, wanda ke shugabancin ma'aikatar sojan ruwa, ya rubuta ranar 18 ga wata cewa a janye su. Ba a kai ga janyewar ba. Ƙananan jirage masu sauri da ke yi musu rakiya kuwa guguwa ta kore su tashar ruwa. Ga su nan su uku a jere, suna tafiya a miƙe da gudun da bai wuce kilomita 19 a awa ba, ba sa yin tafiyar karkace-karkace da aka umarta don kauce wa tofido.

Wajen ƙarfe 6:20 Weddigen ya harba tofido ɗaya daga nisan kimanin mita 500, ya sami Aboukir. Kyaftin ɗin jirgin, John Drummond, ya zaci nakiya ya taka, saboda haka ya yi wa sauran biyun alama su matso su taimaka. Cikin kimanin minti 25 Aboukir ya kife. Hogue ya matso ya tsaya cik, ya saukar da kwale-kwalensa yana tsamo mutane. Jirgin da ke tsaye kuwa ba ya wuyar samu. Wajen 6:55 Weddigen ya aika masa da tofido biyu, kafin 7:15 ya nutse. Cressy ya yi harbi wajen da aka ga alamar jirgin nutson, ya yi yunƙurin banke shi bai samu ba, sa'an nan shi ma ya koma tsamo mutane. Weddigen ya juyo masa baya ya harba biyu, ɗaya ta same shi, sa'an nan ya sake juyowa ya harba ta shida, wadda ita ce ta ƙarshe. Wajen 7:55 Cressy ya bi 'yan'uwansa.

Jiragen fatake biyu na Holan, Flora da Titan, da wasu jiragen masunta na Ingila suka shiga aikin ceto, jimilla aka tsamo mutum 837. Daga cikinsu akwai wani yaro ɗan shekara 15, Wenman Wykeham-Musgrave, wanda ya faɗa ruwa daga Aboukir, ya yi iyo zuwa Hogue aka harbe shi, ya kai Cressy aka sake harbe shi, amma ya rayu. U-9 kuwa, da batir saura ƙiris kuma babu tofido ko ɗaya, ya sulale ya koma gida, babu wanda ya ƙwarzane a cikinsa.

Abin lura a nan shi ne, sakaci ne ya ba da jirgi na farko, amma na biyu da na uku jinƙai ne ya ba da su. Kyaftin ɗin Hogue da na Cressy sun yi abin da duk matuƙin teku ya gada, wato ba a wuce wanda ke neman ceto a ruwa. Bayan wannan rana ma'aikatar sojan ruwan Ingila ta ba da umarni cewa idan aka harbi babban jirgi a inda ake zargin akwai jirgin nutso, sauran manyan jirage kada su tsaya, su bar wurin, a kira ƙanana su yi ceton.

Abin da ya biyo baya

A Jamus an yi ta shagali. Sarki Wilhelm na Biyu ya ba duk mutanen jirgin lambar yabo da ake kira Gicciyen Ƙarfe, aka kuma yarje wa jirgin kansa ya ɗauki alamar lambar a jikin hasumiyarsa. A ranar 15 ga Oktoba, 1914, Weddigen ya sake nutsar da wani jirgin sintiri mai suna Hawke a gabas da Sikotilan, mutum 524 suka mutu, aka ƙara masa da lambar Pour le Mérite, wadda ta fi kowace daraja a wajen sojan ƙasar. Tsoro ya kai ga babbar rundunar Ingila ta bar mazauninta na Scapa Flow na ɗan lokaci, ta koma arewacin Ailan. Ɗan hakin da aka raina ya tsone ido.

Weddigen bai daɗe yana cin moriyar sunansa ba. An ba shi sabon jirgi mai injin dizal, U-29. A ranar 18 ga Maris, 1915, ya kai wa manyan jiragen Ingila hari a arewacin Sikotilan, aka hango bututun leƙensa, sai Dreadnought ya taso ya bi ta kansa ya tsarge shi. Babu wanda ya tsira. A duk tsawon rayuwar Dreadnought, wannan ne kaɗai jirgin da ya nutsar, kuma ba da igwarsa ko ɗaya ba.

U-9 ya koma hannun Spiess a watan Janairu na 1915. Daga nan irin abin da yake farauta ya sauya. A watan Mayu na shekarar yawancin abin da ya nutsar ƙananan jiragen masunta ne da 'yan jiragen fatake. Daga baya aka tura shi Tekun Baltik don fuskantar Rasha. A watan Afrilu na 1916 aka janye shi daga fagen fama, ya koma jirgin koyar da sababbin sojoji, domin masu injin dizal sun riga sun wuce shi. Da Jamus ta sha kaye aka miƙa shi ga Ingila ranar 26 ga Nuwamba, 1918, aka farfasa shi a Morecambe a shekarar 1919.

Tsakanin ƙira da doka

Sauyawar U-9 daga farautar jiragen yaƙi zuwa jiragen masunta hoto ne na abin da ya sami rundunar gaba ɗaya. Manyan jiragen Ingila sun koyi gudu da karkacewa da tafiya da rakiya, sai samunsu ya yi wuya. A ɗaya gefen kuma Ingila ta datse hanyoyin teku ta hana abinci da kaya shiga Jamus. Sai hafsoshin Jamus suka ga cewa makamin da ya kayar da jirage uku a safiya ɗaya zai iya sa wa Ingila yunwa ita ma, tunda tsibiri ce mai dogaro da abincin waje.

To amma akwai dokar yaƙin teku da ƙasashe suka saba bi. Jirgin yaƙi ba ya nutsar da jirgin fatake sai ya tsayar da shi, ya bincika kayansa, ya kuma tabbatar mutanen ciki sun sami mafita. An shimfiɗa dokar ne don manyan jirage masu sulke da faɗin wuri. Da farko Jamusawa sun gwada binta: a ranar 20 ga Oktoba, 1914, U-17 ya tsayar da jirgin fatake mai suna Glitra, ya bari mutanensa suka shiga kwale-kwale kafin ya nutsar da shi. Sai dai duk jirgin nutson da ya taso don yin gargaɗi ya zubar da makaminsa guda, wato ɓuya. Ingila kuwa ta ɗora wa jiragen fatake igwa, ta umarce su da su banke jirgin nutso idan sun gan shi, ta kuma fito da jiragen yaudara masu ɓoyayyun bindigogi. Tun kafin yaƙi Admiral John Fisher na Ingila ya yi hasashen cewa jirgin nutso ba shi da abin da zai yi da jirgin fatake illa ya nutsar da shi, tunda ba shi da mutanen da zai sa su kora shi zuwa tasha. Churchill a lokacin bai yarda wata ƙasa mai wayewa za ta aikata haka ba.

A watan Fabrairu na 1915 Jamus ta shelanta cewa ruwayen da ke kewaye da Ingila fagen yaƙi ne. A ranar 28 ga Maris U-28 ya nutsar da Falaba, jirgin fasinja na kamfanin Elder Dempster da ke jigila tsakanin Liverpool da Afirka ta Yamma, mutum 104 suka mutu. A ranar 7 ga Mayu U-20 ya nutsar da Lusitania ba tare da gargaɗi ba, kusan mutum 1,200 suka halaka, 128 daga cikinsu Amurkawa. Fushin Amurka ya sa Jamus ta ja da baya na wani lokaci, amma a ranar 1 ga Fabrairu, 1917, ta koma nutsarwa ba sani ba sabo. A watan Afrilu kaɗai an nutsar da jirage masu nauyin fiye da tan 800,000. A ranar 6 ga wannan wata Amurka ta shiga yaƙin, Ingila kuma ta koma tura jiragen fatake a ayari tare da rakiyar jiragen yaƙi, asarar ta ragu ƙwarai. Makamin da aka sa ran zai durƙusar da Ingila cikin 'yan watanni shi ya jawo wa Jamus abokin gabar da ba ta iya ɗauka.

Kammalawa

An ga yadda Jamus ta shiga ƙera jirgin nutso a makare kuma da shakka, da yadda U-9 ya fito da rauni a kowane gefe in ban da iya ɓuya, da kuma yadda safiya ɗaya ta sauya ra'ayin ɓangarorin biyu game da shi. Weddigen bai karya wata doka ba a ranar 22 ga Satumba, domin jiragen yaƙi ya harba a lokacin yaƙi. Duk da haka, abin da ya ba shi jirgi na biyu da na uku shi ne tsayawarsu don ceto, kuma tun daga ranar tsayawa a kan mai neman taimako a teku ta zama abin da kyaftin zai auna da ran mutanensa. Waɗanda suka zana jirgin a Danzig ba su zauna don su rushe wata al'ada ba. Sun dai ƙera jirgin da ba zai rayu ba sai a ɓoye, kuma ba su bar gurbin baƙo ko ɗaya a cikinsa ba. Sauran kuwa yaƙi ne ya ƙarasa.

Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta haramta wa Jamus mallakar jirgin nutso. Shekara 16 bayan haka, a 1935, ta ƙera wani sabon jirgi ta sa masa lamba U-9, ta kuma liƙa masa alamar Gicciyen Ƙarfe a hasumiya. U-1 kuwa, wanda bai taɓa fita yaƙi ba, yana ajiye a gidan kayan tarihi na kimiyya da ke Munich, an yanke gefensa don mai ziyara ya ga ƙuncin cikinsa. Aboukir da Hogue da Cressy suna kwance a ƙasan teku daura da gaɓar Holan, tare da da yawa daga cikin mutanensu.